Lugude a Jerin Sauƙi

Ƙungiyar 'Yan Yatsa ta Abidjan tana da mambobi ɗari biyu da 'yan kai, da alƙalai biyu, da kundin doka mai shafi ɗaya da rabi wanda babu wanda ya karanta shi har ƙarshe tun ranar da aka rubuta shi. Abin da ya haɗa su wasa ne na wayar salula. Kiɗa yana tashi, ɗigo-ɗigo suna gangarowa daga saman gilashin waya, mai wasa yana taɓa kowane ɗigo daidai lokacin da ya iso kan layi. In ya yi gaggawa, ko ya makara, ko ya taɓa inda babu komai, ransa na wasa ya ragu. In ran ya ƙare kafin kiɗa ya ƙare, ya faɗi ke nan. Wasan ya ba kowa damar ɗora kiɗan da yake so ya jera masa ɗigo da kansa, abin da 'yan ƙungiya suke kira nivo. Alƙalai su ne masu cewa wannan nivo Sauƙi ne, ko Tsaka-tsaki, ko Wuya, ko Wuta. Wanda ya shiga jerin Wuta kaɗai ake bugawa a gasar bayan Babbar Salla, a kan babban allo, da sunan mai shi a sama.

Wannan allon Zalihatu take so. Ita 'yar Belleville ce ta Treichville, can aka haife ta, ko da yake kakanninta daga Tawa suka zo da fataucin albasa tun ba a san salula ba. Aikinta buga takardu a wani shago kusa da kasuwa: wasiƙun neman aiki, yarjejeniyar haya, rahoton tarurrukan ƙungiyoyin da suka rabu kafin tawadar ta bushe. Wata huɗu ta yi tana gina nivonta ɗaya tilo. Ba ta ɗauki kiɗan rawa na kupe-dekale kamar kowa ba. Ranar jajiberin wani suna a gidansu ta ajiye waya a gindin turmi, ta naɗi kakarta Hajiya Tabawa da maƙwabta biyu suna daka gero, taɓarya uku a turmi ɗaya, suna lugude.

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin turmi ba yana jin lugude kamar bugu ne kawai. A can kuwa akwai bugun ciki, akwai ƙwanƙwasar gefen turmi, sannan mace ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau ɗaya, ko biyu, ko uku in ta isa, ta cafe ta sauke. Tsawon zaman taɓarya a sama ba ya da awo. Hajiya Tabawa takan jinkirta da gangan don ta gwada na kusa da ita, wadda ta yi azarɓaɓi kuwa sai taɓarya ta daki taɓarya, wani lokaci har da yatsa. Zalihatu ta jera ɗigonta a kan wannan jinkirin, ta bar sararin yadda tsohuwar ta bar shi.

Sashe na biyu na kundin doka ya ce a ƙidaya ɗigon da ke cikin minti ɗaya, a ba da daraja gwargwadon yawansu. Ƙasa da ɗari biyu Sauƙi ne. Na Zalihatu ɗari da arba'in ne.

Babban alƙali shi ne Badaruddeen, wanda ake kira Shef. Yana tsare shagon wayoyin mahaifinsa a kasuwar Black Market ta Adjamé, ya zo daga Kano shekara tara da suka wuce, kuma bai taɓa barin 'ya'yan Abidjan su manta cewa shi Hausarsa daga tushe ya ɗebo ta ba. Yatsunsa suna da sauri, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Nivonsa kan kai ɗigo ɗari takwas. Ya duba lambar da wasan ya nuna a kan aikin Zalihatu, ya saurari daƙiƙa goma na kiɗan, ya aika saƙon murya cikin gurup ɗin ƙungiya.

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga aikin ƙanwarmu ta Treichville. Ɗigo ɗari da arba'in a minti. Ko kaza aka watsa wa gero a kan gilashin, za ta kai shi ƙarshe. Mun sa shi a Sauƙi, don ba mu da jerin da ya fi wannan ƙasa. Ƙanwata, in an gama dakan, a aiko mana da fura."

Mutum sittin da uku suka aiko da alamar dariya. Zalihatu ta ƙirga su, ta san sunan kowa. Kafin magariba ta zama Madam Fura.

"Me suka ce da lugudenmu?" in ji Hajiya Tabawa da yamma, tana tsince shinkafa a faifai.

"Sun ce mai sauƙi ne, Kaka."

"Wa ya ce?"

"Wani ɗan Kano."

"Ya taɓa riƙe taɓarya?"

"Ban ga alama ba."

"To ke ja'ira, me ya sa kika kumbura kamar an ce da ke ɓarauniya? Miƙo mini wancan kwanon."

Tsohuwar ta manta da zancen nan take. Jikarta ba ta manta ba, ba ta kuma fita daga gurup ba kamar yadda masu saurin fushi suke yi. Ta zauna tana lura, har ta gano wani abu da ya sa ta fara samun barci mai daɗi. Gwanaye ba sa buɗe jerin Sauƙi, domin abin kunya ne a ga sunan mutum a can. Sababbin shiga kuwa, da suka buɗe nivonta suka faɗi, sai su ɗauka su ne ba su iya ba, su yi shiru. Cikin wata takwas mutum talatin da ɗaya suka gwada lugudenta, babu wanda ya kai ko rabi, babu kuma wanda ya faɗa wa kowa.

Ana saura wata biyu Babbar Salla, rigima ta tashi a kan sashe na biyu. Mutane sun gane cewa in kana son Wuta, sai ka zuba ɗigo kamar wanda ya kifar da buhun wake, ko sun dace da kiɗa ko ba su dace ba. Alƙali na biyu, Nu'uman, ɗan Treichville mai sayar da turare, mutum ne mai son zaman lafiya da kowa, saboda haka duk abokin da ya kawo masa irin wannan aikin sai ya buga masa Wuta bai ko buɗe ba. Shef ya daɗe yana neman hanyar raba shi da kujerar. Aka yanke shawarar gyara doka, aka nemi wanda zai rubuta ta da Faransanci da Hausa. Aiki ne na wahala da babu yabo a cikinsa, don haka da Zalihatu ta ce za ta yi, kowa ya ga dacewarta.

Ranar Asabar ta shiga woro-woro, tasin haɗaka, ta tsallaka gada zuwa Adjamé da daftari a jakarta. Ta kutsa tsakanin masu jan hannu da masu tallar caja, ta sami Shef a shago yana cin garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, da hannu ɗaya, yana wasa da ɗayan.

"A'a, Madam Fura da kanta! Ina furar?"

"Tana nan tafe, Shef. Ga daftarin."

Ta karanta masa sashe shida. An soke ƙidayar ɗigo ita kaɗai, an ce a duba saurin kiɗa, da nisan da yatsa zai yi, da canjin salo. A sashe na huɗu an ce mai nivo ne kawai yake da ikon neman a sake duba darajar aikinsa, don kada abokai su riƙa nema wa juna. Shef yana gyaɗa kai yana zare ƙaya daga kifi.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan. Sai dai abu ɗaya da na rasa yadda zan rubuta shi, na bar shi. Mutane suna cewa wai akwai alƙalin da yake ba da daraja bai buga ba. Ni ban san ko wane ne ba."

Shef ya ajiye kifin. "Ba ki san ko wane ne ba? Duk Treichville an sani, ke da kuke unguwa ɗaya ba ki sani ba?"

"Ni mai buga takarda ce, Shef. Abin da aka faɗa mini nake bugawa."

"To rubuta." Ya goge hannu, ya miƙe tsaye, domin doka ba ta fitowa da kyau daga bakin wanda ke zaune. "Sashe na bakwai. Duk alƙalin da ya ba nivo daraja, in aka nema, dole ya buga shi a gaban jama'a har ƙarshe. Gwaji uku. In ya kasa, ya sauka daga kujera a ranar."

"Wa zai nema?"

"Duk mai nivo a cikin ƙungiya, a kan aikinsa." Ya yi murmushi. Ya riga ya san wani ɗan Adjamé da Nu'uman ya buga wa Wuta, wanda zai nema in an ba shi belun kunne sabo.

"Darajar da aka bayar a baya fa, Shef? Kada a ce an zalunci wani. Ina ganin a fara daga yau."

"Ina! Ta baya ce ma abin nema. Rubuta: tun daga ranar da aka kafa ƙungiya."

"Ba ta yi tsauri ba?"

"Ƙanwata, ku mata tausayi ya yi muku yawa. Rubuta."

Ta rubuta, ta karanta masa sau biyu, ta sa ya sa hannu a gefen sashen don kada gobe a ce ita ta ƙara. A hanyar komawa, direban woro-woro ya tambaye ta ko albishir aka yi mata, don tun daga Adjamé take murmushi.

An yi babban taro ranar Lahadi bayan azahar, a farfajiyar wata makaranta a Belleville, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Mutum kusan tamanin suka zo. An jingina talabijin a kan tebur, an haɗa ta da waya yadda kowa zai ga abin da mai wasa yake gani. Zalihatu ta karanta sassan ɗaya bayan ɗaya da harshe biyu. Da ta iso na bakwai, Nu'uman ya share gumi, ya ce shi dai yana ganin 'yan uwantaka ta fi doka. Shef ya yi jawabin minti goma sha biyu a kan amana. Aka ɗaga hannu, doka ta wuce, Nu'uman ma ya ɗaga nasa da ya ga kowa ya ɗaga.

"To," in ji Shef, yana waiwayar mutuminsa na Adjamé, "tunda doka ta fara aiki, ko akwai mai nema?"

Mutumin yana can yana kokawa da ledar ruwa. Zalihatu ta ajiye biro ta ɗaga hannu.

"Ina nema, Shef. Nivona, Luguden Hajiya Tabawa. Kai ka ba shi daraja."

Farfajiyar ta ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce yau za a sha fura. Shef ya fi kowa dariya, ya ce a ba shi waya, zai buga da hannun hagu don a yi adalci. Bai yi hakan ba da wayar ta zo hannunsa, amma dai ya faɗa.

Sautin turmi ya fito daga lasifika, mai nauyi, har ana jin sa a ƙirji. Ɗigo suka fara sauka jefi-jefi. Shef ya taɓa su yana kallon jama'a. Sai taɓarya ta tashi sama, gilashi ya zama fayau, aka ji tafi ɗaya. Yatsan da ya saba da kiɗan da ba ya jira ya sauka a kan babu. Ɗigon ya iso bayan yatsan ya tashi. Ya yi sauri ya cim ma na gaba, ya riga shi. A daƙiƙa ta arba'in da ɗaya ransa na wasa ya ƙare, talabijin ta yi ja.

"Yako, Shef!" in ji wata murya, tana yi masa jaje irin na 'yan Abidjan.

"Ban shirya ba. Wannan ɗumama hannu ne."

"Gwaji na ɗaya," in ji Zalihatu, ta rubuta.

Karo na biyu ya zauna, ya cire agogo, ya daina kallon kowa. Mutum ne mai basira, ya gane cewa bayan tafi ɗaya ake saukewa, ya riƙe wannan. Ya wuce minti ɗaya. Nan ne Hajiya Tabawa ta tafa sau biyu. Ya gyara, ya riƙe biyu. Tsohuwar ta tafa uku, ta ƙara ɗan jinkirin nan nata, har a cikin naɗin ana jin maƙwabciya tana cewa kai Hajiya. Talabijin ta sake yin ja. Wannan karon ba a yi dariya sosai ba. Mutane sun matso kusa.

"Nivon nan a karye yake," in ji Shef. "Ɗigon ba sa kan kiɗa. Babu ɗan Adam da zai kai shi ƙarshe."

Zalihatu ta miƙa hannu, ya ba ta wayar. Ta buga a tsaye da manyan yatsu biyu, kafaɗarta tana ɗan motsi kamar mai daka, tana ɗauke yatsu duk lokacin da taɓarya ta tashi. Minti uku da daƙiƙa goma, ba ta zubar da ɗigo ko ɗaya ba. Ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta mayar masa.

Aka kira la'asar a masallacin unguwa, Nu'uman ya yi wuf ya ce a je a yi salla tukuna. Bayan an idar, Zalihatu tana zaune a kan benci tana jera takardu, sai ga Shef ya tsaya a gefenta, ya rage murya.

"Malama Zalihatu."

Ta ɗaga kai. Wata takwas ke nan rabon da ta ji sunanta a bakinsa.

"Na yi kuskure, na yarda. Aikin nan Wuta ne. Wallahi ya fi Wuta. Ki nemi a sake duba shi, sashe na huɗu ya ba ki dama. In kin nema, darajar da na bayar ta faɗi, babu sauran abin da zan buga. Ni da Nu'uman mu sa hannu yanzu. Ranar gasa shi za a fara bugawa, sunanki a sama, sunan Hajiya a sama. Zan yi saƙon murya in ba ki haƙuri, kowa ya ji."

Ba ƙarya yake yi ba, ta san haka. Ta kuma san doka fiye da shi: ana rufe jerin gasa yau da magariba, in ba ta nema yanzu ba sai baɗi, baɗi kuwa wa ya san ko ƙungiyar tana nan. Ta hango allon, ta hango kanta tana kawo kakarta a tasi, tsohuwar tana tambaya wai duk waɗannan ƙartin dakanta suka zo ji. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Ta bar shi ya yi mata daɗi na ɗan lokaci. Sannan ta dubi mutumin da ke tsaye, ta lissafa yadda zai kasance: gobe yana kan kujerarsa, jibi labarin ya zama na Shef mai adalci wanda ya gano gwanintar wata yarinya ya ɗaga ta.

"Shef, ai kai ne babban alƙali," in ji ta. "Ka duba aikin nan da iliminka, ka ce Sauƙi ne. Ni wace ce da zan ce ka yi kuskure?"

"Ƙanwata, don Allah."

"Ban nema ba. Saura gwaji ɗaya."

"Kin san ba za a buga shi a gasa ba?"

"Ni na buga dokar, Shef."

Jama'a suka dawo, har da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, don labari ya riga ya zaga layin. Shef ya karɓi waya. A gaskiya wannan karon ya yi abin a yaba. Ya daina ƙirga tafi, ya fara sauraro, ya wuce minti biyu, farfajiya ta yi tsit har ana jin hon ɗin motoci daga babban titi. Saura daƙiƙa ashirin, inda matan uku suke cilla taɓarya a tare su yi musaya, sararin ya yi tsawo fiye da duk na baya. Ya tsayar da yatsa a saman gilashi. Ya jira, ya ƙara jira, ya kai iyakar jiran da Allah ya hore masa, ya taɓa. Ɗigon ya sauko bayansa a natse.

Talabijin ta yi ja karo na uku. Can Nu'uman, wanda bai taɓa tsammanin zai wayi gari shi kaɗai ne alƙali ba, ya matso yana murza hula.

"Malama, yanzu ai sai a gyara darajar ko? Ni a shirye nake. Kafin magariba."

"A bar shi inda yake, Yaya Nu'uman."

"A Sauƙi?"

"A Sauƙi. Duk wanda ya buɗe jerin zai ga sunan waɗanda suka gwada, da inda kowa ya tsaya."

Ta zauna ta rubuta rahoton taro da kyakkyawan rubutunta na aiki. Ta sa kwanan wata, da wurin taro, da adadin mahalarta. Ta rubuta cewa an amince da sassa bakwai ba tare da mai ƙi ba, kuma sashe na bakwai shawarar Malam Badaruddeen ce. Ta rubuta cewa bisa wannan sashe an nemi Malam Badaruddeen ya buga nivo ɗaya daga jerin Sauƙi, ya gwada sau uku, bai kai ƙarshe ba, ya sauka daga kujera da ƙarfe biyar saura kwata. Ta karanta a bayyane da Faransanci, ta maimaita da Hausa saboda waɗanda suka fi jin ta. Ta tambaya ko akwai gyara, ba a samu ba. Sai ta juya takardar ta fuskanci Badaruddeen, ta miƙa masa biro, ta nuna masa da yatsa inda zai sa hannu.